Kafin fulotai su cinye rafukan Dutse

Duk shekara idan damina ta ƙarato, hukumar NIHSA mai lura da koguna takan fitar da jerin jihohin da ke cikin haɗarin ambaliya, kuma da wuya a duba a rasa sunan Jigawa. Daga nan sai a shiga abin da aka saba: yashe magudanan ruwa, gargaɗi a gidajen rediyo, tanadin buhunan yashi da kayan agaji. Da ruwa ya janye a watan Oktoba, sai maganar ta kwanta sai kuma baɗi.

Akwai wani mataki da ba a cika jin sa cikin wannan lissafi ba, wataƙila saboda a kunne yana kama da abin 'yan gayu. Shi ne a keɓe gaɓar rafukan da suka ratsa gari, a hana gini a kansu, a dasa itatuwa, sannan a fitar da hanyar ƙafa da ta keke da kowa zai iya bi.

Wanda bai gama neman abin kai wa bakin salati ba zai iya cewa ina ruwansa da wurin shan iska. Yana da hujja. Sai dai wannan zirin ƙasa da ake magana a kai, kafin ya zama wurin tattaki, shi ne filin da ruwa ke bazuwa idan rafi ya cika. In aka yanka shi fulotai aka sayar, ruwan zai nemi wani filin, kuma galibi tsakar gidan talaka yake samu.

Dutse na cikin manyan biranen jihohin Arewa da har yanzu suke da sarari a gefensu. Wannan sararin kuwa kullum raguwa yake yi.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa

A birane da dama na duniya ana barin wani dogon ziri na ciyawa da bishiyoyi a gefen kogi, ya ratsa unguwanni, mutane su riƙa bi a ƙafa ko a keke. Ɗaya daga cikin tsofaffin irinsa yana birnin Boston na Amurka, inda mai tsara lambuna Frederick Law Olmsted ya fara aiki a ƙarshen shekarun 1870. Abin da ya kai shi wurin shi ne wani fadama mai wari da ƙazantar gari ke kwarara cikinsa, yana kuma yin ambaliya. Lambu da hanyar yawo sun biyo baya ne a matsayin riba.

Mu ma muna da namu tun kafin zuwan Turawa. Burtali ziri ne da al'umma ta yarda ba mai noma shi, don dabbobi su samu hanya zuwa makiyaya da mashaya. Hurumi kuma fili ne na gari baki ɗaya wanda ba a mallaka wa mutum ɗaya. Malaman fiƙihu sun yi bayanin harimin rijiya da na kogi, wato tazarar da ake bari a kewayensu domin amfanin jama'a.

Ke nan abin da ake nema a Dutse shi ne hurumin rafi: a yi wa ruwa da masu tafiya a ƙafa irin abin da kakanni suka yi wa shanu. Duk wanda ya san yadda rikicin manoma da makiyaya ke tashi idan gona ta ci burtali, ya san abin da ke faruwa idan aka toshe hanyar da wani abu ya saba bi.

Yadda ruwa ke gudu a garin duwatsu

Sunan garin kansa ya faɗi yanayinsa. Dutse na zaune ne a gindin duwatsu, kuma dutse ba ya shan ruwa. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, kusan duk abin da ya sauka a kan duwatsun gangarowa yake yi cikin ɗan lokaci, ya bi kwari da ƙananan rafuka zuwa ƙasa mai rairayi. Rairayi kuwa ba ya jure gudun ruwa. Shi ya sa ake ganin zaizayar ƙasa da kwazazzabai a gefen gari.

Yawancin waɗannan rafuka a bushe suke wata bakwai zuwa takwas a shekara. Nan haɗarin yake. Wanda ya je duba fili a watan Fabrairu, yashi kawai zai gani da 'yar gangara. Dillali ya ce masa ai da tifa biyu ta ƙasa an gama cikowa. Sai damina ta zo ta nuna masa mai wurin na asali.

Garin kuma girma yake yi ba ƙaƙƙautawa. Dutse ta zama babban birnin jiha a ranar 27 ga Agustan 1991. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kusan 250,000. Bayan nan aka yi manyan gine-gine a zamanin Gwamna Sule Lamido daga 2007 zuwa 2015, Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, filin jirgin sama ya biyo baya a 2014. Unguwanni irin su Takur da Fatara da Danmasara da Yalwawa sun cika, gine-gine na miƙewa ta hanyar Kiyawa da sauran hanyoyin shiga gari.

Kowane sabon rufin kwano, kowane tsakar gida da aka dafe da siminti, ya rage wurin da ruwa zai nitse ya kuma ƙara wanda zai gudu. Idan a lokaci guda ana matse rafin da zai kwashe shi, ba sai an kira masani ba kafin a san sakamakon.

Shekarar 2022 ta nuna haka. Ambaliyar wannan shekara ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya, kuma a Jigawa kaɗai hukumomi sun ce waɗanda suka rasu sun haura 100. An fi jin labarin garuruwan da ke bakin Kogin Haɗeja, amma ƙauyen Karnaya da ruwa ya raba mutanensa da gidajensu yana cikin ƙaramar hukumar Dutse ne.

Gaɓar rafi mai ciyawa da saiwoyi tana aiki uku a lokaci guda. Tana rage gudun ruwa, tana riƙe ƙasa kada ta zube, tana kuma ba ruwan lokacin nitsewa ya ciyar da rijiyoyi da burtsatse. A garin da 'yan garuwa ke cin kasuwa da rani, wannan na ƙarshe ma ba ƙaramin abu ba ne.

Darasin Jakara

Ba sai an je nesa ba kafin a ga ƙarshen rafin da gari ya matse. Kano, wadda Jigawa ta fito daga cikinta, tana da Jakara.

Tarihi ya nuna cewa bakin Jakara kurmi ne mai duhun itatuwa, kuma daga nan Kasuwar Kurmi ta samo sunanta. Da birni ya cika, gidaje suka juya wa rafin baya suka maida shi wurin zubar da shara da ruwan ƙazanta. Ya riƙa kwasar dattin cikin gari da na mayanka, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su gangara zuwa madatsar Wasai. A kan hanya manoman rani na ban-ruwan kayan miya da shi.

Aka zo aka ɗaure shi da kankare. A 2013 gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara aikin rufe shi a shimfiɗa titi a kai, wanda aka fi sani da titin Wuju-Wuju. Aikin ya tsaya na tsawon shekaru kafin a sake waiwayarsa. Ga mazauna gefen Jakara da suka sha wari da sauro, rufewar sauƙi ce, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Abin lura shi ne lokacin da aka zo neman mafita, babu sauran fili a gefen rafin da za a yi wani abu daban. Zaɓi ɗaya ya rage, mai tsada.

A daminar 2022 ruwa ya shiga Kasuwar Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, kuma 'yan kasuwa da dama sun ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa. Haka aka cike kududdufai masu yawa a cikin birnin aka yi gini, alhali su ne ke karɓar ruwan unguwanni.

Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya bi irin wannan hanya har ƙarshenta, sannan ya dawo. Sun rufe rafin Cheonggyecheon, suka ɗora babbar gadar sama a kai. Daga 2003 zuwa 2005 suka rushe gadar, suka buɗe rafin na tsawon kusan kilomita shida, suka yi hanyar ƙafa a gefensa. Gyaran ya ci ɗaruruwan miliyoyin daloli. Jigawa ba ta da irin wannan kuɗi, don haka gara kada ta yi ɓarnar da za ta buƙaci irin wannan gyara.

Maraɗi ma tana da labari. Tsohon garin yana cikin kwarin Gulbin Maraɗi ne, har ambaliyar 1945 ta tilasta aka tashe shi aka maida shi kan tudu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wa zai bi hanyar?

Masu shakka kan ce Bahaushe ba ya tafiya don nishaɗi. Ko da an yarda da haka, Bahaushe na tafiya don dole, kuma yanzu fiye da da.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Kuɗin acaɓa da na Adaidaita Sahu suka bi ta. Ɗalibai da ƙananan ma'aikata da leburori da yawa sun koma ƙafa da keke. Suna bin gefen kwalta, suna goga kafaɗa da motoci da babura, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Hanyar da ta bi bakin rafi a ƙarƙashin inuwa, ta haɗa unguwa da makaranta ko kasuwa ko sakatariya, hanyar zuwa aiki ce ga irin waɗannan mutane. Yaron da ke zuwa Islamiyya da yamma ba zai tsallaka babban titi ba. Mai keken da ke kawo kayan lambu daga ƙauye ya samu inda tirela ba za ta matse shi ba.

Sannan ga batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar rabin awa sau biyar. Masana na ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin uku na manyan Najeriya na da hawan jini. Likita zai ce wa mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙa tattaki, amma ba ya faɗa masa inda zai yi. Namiji na iya fita bakin titi bayan sallar Asuba. Matar aure ko dattijuwa fa? A mafi yawan unguwanninmu babu wurin da za ta yi tafiyar minti 30 cikin natsuwa da mutunci.

Cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa da Najeriya ta sa hannu a kai, akwai alƙawarin samar wa kowa wuraren jama'a masu itatuwa da tsaro kafin 2030, musamman mata da yara da tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Lokacin ya kusa cika.

Batun ko itace zai rayu a Dutse kuwa, an riga an amsa shi. Marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a Janairun 2023, ya shahara da dashen itatuwa, kuma filin wasan golf da ya kafa ya nuna yadda wuri ke komawa kore idan an kula da shi. Garin da ke da tashar binciken dabino ba zai rasa irin dashe ba. Abin da ya rage shi ne irin wannan inuwa ta isa inda talaka ke bi kullum.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ita ce ƙasa. A ɗauki misali: idan aka bar mita 30 a kowane gefe na rafi mai tsawon kilomita biyar, an keɓe hekta 30 ke nan. Da ma'aunin fuloti mai ƙafa 50 da 100, wannan ya haura fuloti 600. Kuɗi ne mai yawa ga masu gonaki da dillalai, har da gwamnati mai karɓar kuɗin takardu. Duk wanda ya ce za a yi abin ba tare da wani ya ji a jikinsa ba, bai faɗi gaskiya ba.

Amma a kwatanta. Diyyar gona a yau ba ta kai diyyar gidan bulo mai ɗaki huɗu nan da shekara goma ba, balle a haɗa da kuɗin kankare da na kayan agaji duk damina. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon karɓar fili don amfanin jama'a tare da biyan diyya. Ikon yana nan, amfani da shi kan lokaci ne ake buƙata.

Ta biyu, akwai masu cin abinci a bakin rafi: manoman fadama, makiyaya masu shayar da dabbobi, masu ɗiban yashi, masu buga bulo. Idan aka zo da katanga da ƙofa da ɗan sanda aka kore su, an ƙirƙiri abokan gaba tun ranar farko. Birnin Addis Ababa na Habasha ya ƙaddamar da babban aikin gyaran bakin kogunansa a 2019. An samu lambuna masu kyau, amma an sha koke-koken talakawan da aka tasa daga matsugunansu. Hurumin rafi a Dutse zai ɗore ne kawai idan mai lambun albasa da tumatir ya ci gaba da nomansa a ciki, makiyayi ya samu mashayarsa, gini da ɗiban yashi daga gaɓa kaɗai aka hana.

Ta uku, tsaro da tsafta. Kowa ya san abin da ke faruwa da filin gwamnati da aka yi watsi da shi: juji, matattarar 'yan shaye-shaye, wurin bahaya. A Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta kawo ƙarshen bahaya a fili, kuma ba za a so a buɗe ƙofar komawa baya ba. Maganin wannan shi ne zirga-zirga. Hanyar da ke kai mutane wani wuri ba ta zama kango. A sa fitilu masu aiki da hasken rana, a gina banɗaki a mashiga, a bar masu shayi da masu ƙosai su kafa teburinsu, a sa gidajen da za a gina nan gaba su fuskanci hanyar maimakon su ba ta baya.

Ta huɗu, kulawa. Gwamnatoci na raba miliyoyin dashe duk damina, amma tambayar ita ce nawa ke kaiwa damina ta biyu. Dashe na buƙatar kariya daga awaki da ban-ruwa a ranin farko da na biyu. Zaɓin iri ma na da muhimmanci. Darbejiya na saurin ba da inuwa. Tsamiya da kanya da ɗorawa da dabino na ba da abin ci da na sayarwa, wanda ke sa mutane su tsare su da kansu. Jema kuma, wadda manoman fadama suka sani, saiwarta na riƙe gaɓa.

Ruwanda ta nuna cewa ƙasar Afirka na iya yi. A 2022 birnin Kigali ya buɗe lambun Nyandungu mai faɗin hekta 121 a wani fadama da ya lalace, da hanyoyin ƙafa da na keke kusan kilomita goma. Rage ambaliya na cikin manyan dalilan aikin.

Ringim, Jahun da Miga

A tsakiyar jihar lamarin ya ɗan bambanta. Kogin Haɗeja babba ne, kuma ruwansa na da alaƙa da madatsun Tiga da Challawa da ke Jihar Kano. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa a wurare da dama, abin da ya sa gwamnatin jihar ta sayo injinan da ke shiga ruwa suna yashewa. Garuruwa irin su Ringim da Jahun da Miga sun dogara da jingar ƙasa da ake ɗagawa don tare ruwa.

A nan ba sai an nemi sabon fili ba. Bayan jingar kansa hanya ce. Idan aka daidaita samanta, aka dasa jema a gangarenta, aka ja layin itatuwa can baya inda saiwa ba za ta huda ta ba, an samu hanyar ƙafa da ke sama da ruwa ko da damina. Jingar da mutane ke bi kullum, da wuri ake ganin inda ta tsage ko inda ɓera ya yi rami. Wadda ba mai hawa, sai ta ɓalle da tsakar dare ake sani.

Abin da za a iya farawa da shi

Matakin farko ba ya buƙatar kwangilar biliyoyi. Hukumar Raya Babban Birnin Dutse da ma'aikatun ƙasa da na muhalli su bi rafukan garin a ƙarshen damina, lokacin da alamar iyakar ruwa ke nan a jikin ƙasa. Su tafi da masu unguwanni da dagatai da tsofaffin manoma, domin su suka san inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarun da ya yi yawa.

Na biyu, a kafa duwatsun iyaka, a fitar da taswirar a fili, a manna ta a ofisoshin ƙasa, a sa ta a intanet yadda mai sayen fili zai duba a wayarsa kafin ya biya. A dakatar da ba da takardar mallaka ko izinin gini a cikin wannan iyaka, kuma dokar ta hau kan babba kafin ƙarami.

Na uku, a gwada da kilomita biyu ko uku a wurin da gini bai riga ya cika ba. Hanyar jar ƙasa da aka daddaɓe ta isa, ba sai an sa tayil ba. Hanyoyin samun kuɗi suna nan: shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, aikinsa ke nan gyaran ƙasa da hanyoyin ruwa. Jigawa kuma na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa.

Na huɗu, Majalisar Dokokin Jiha ta maida iyakar doka, don kada gwamnati mai zuwa ta wayi gari ta yanka wurin ta raba wa 'yan siyasa. Masarauta da ƙungiyoyin unguwa su zama masu sa ido, kamar yadda ake yi wa maƙabarta da filin Idi, waɗanda ba mai ƙarfin halin taɓawa.

Gwamna Umar Namadi shi ne mataimakin gwamna a lokacin ambaliyar 2022, ya kuma ga ɓarnar da idonsa. Tituna da gidajen da gwamnatinsa ke ginawa ana iya ƙara su a kowace shekara idan kuɗi ya samu. Gaɓar rafi kuwa sau ɗaya ake rasa ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a gefen Dutse masu awon fulotai ba sa jiran kowa.